Kwamfutar Inna Rabi Ta Je Lome

Tun da na dawo daga Lome ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo shago, ko cajin salula ya kawo, sai ya jingina da ƙofa ya ce, "Ilu, ba mu labarin Kurmi." Wasu labarin suke so. Wasu kuwa so suke su ji an koro ni, don tun kafin in tafi sun yanke cewa mutumin da bai ci jarrabawar birebe ba ba shi da abin faɗa gaban Turawa. Na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi aikina.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don rabin masu tambayar sun ɗauka kwangila na je nema. Shekarun baya wani porje, irin shirin taimakon nan na ƙungiyoyi, ya raba kwamfutoci a ƙasar Kurfai, yankinmu na Filinge, wasu a lakwal, wato makarantu, wasu a ɗakunan shan magani. Porje ya ƙare, motocinsa suka tafi, kwamfutocin suka zama marayu. Ni na ɗauke su. Na cire musu tsarin da suka zo da shi, na sa musu wanda ba a saye, wanda mutane daga ko'ina a duniya suke rubutawa tare, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gani, ya gyara in ya iya. A cikin tsarin akwai wani ɗan rubutu da ake kira direban allo. Shi ne tafinta tsakanin inji da allon da kake kallo. In babu shi, inji yana tunaninsa, kai kuma kana kallon duhu. Kowane irin inji da nasa direban. Namu tsoho ne, kamar ni.

Bara shafin da ake shigar da rigakafin yara ya daina buɗewa a tsohon tsarin. Dole a sabunta. Na fara da kwamfutar Inna Rabi, ungozomar da ke riƙe da wani ɗakin shan magani can gefen garin Tabla. Na sabunta, na kunna, allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka tana juyawa, ɗan hasken inji yana ƙiftawa, amma ba ka ganin komai. Na gwada wasu biyu a shago, haka.

Masu rubuta tsarin suna da wata fada tasu ta wasiƙu, inda duk abin da ka aika kowa yana gani. Na rubuta musu sau uku, da Ingilishin da salula ke fassara mini. Na farko na yi sallama, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na tambayi sanyinsu. Wani mai suna Matiyas, wanda shi ke riƙe da makullin ɓangaren allo, ya amsa da layi ɗaya: in cire gaisuwar, in faɗi irin injin da abin da na gani. Na biyu na aika masa hoton abin da na gani. Ya ce hoton baƙi ba shaida ba ne. Na uku na aika gyaran da na yi da kaina, wanda ya mayar da direban yadda yake shekara uku baya. Ya ce ba za a rushe aikin mutane da yawa saboda mutum ɗaya ba. Ya ƙara da cewa direban nan ma ba mai kula da shi, ba wanda ke da irin injin, don haka a fitowa ta gaba za a share shi gaba ɗaya. In an share shi, duk kwamfutocin da na raina sun zama kujerun zama.

Wata mata a Lome, Madam Afi, ta ga wasiƙun. Ita ke shirya taron masu irin wannan aiki na ƙasashenmu. Ta rubuto mini da Faransanci, da gaisuwa kamar mutum, ta ce Matiyas zai zo, in kawo injin ya gani da idonsa, su za su biya mota.

Na je ɗaukar kwamfutar, na tarar da Inna Rabi ta koma rubuta sunayen yara da hannu cikin rajista, ga mata sun cika rumfa.

"Ilu," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba, "kai kat taɓa ta ta makance. Da hannunka."

"Inna, ba ni ba ne, can ne anka canza..."

"Ni ban san can ba. Nan na sani. Ɗauke ta. In ka komo ba ta gani, kai za ka zamna ka rubuta ɗiyan ga duka, har da waɗanda ba a haiha ba."

Na naɗe injin da bargo, na sa shi cikin buhun hatsi. Allon na rungume shi a cinya. Daga Filinge zuwa Baleyara wata tsohuwa Bazabarma da ke gefena ta dame ni in kunna mata talabijin. Na ce ba talabijin ba ce. Ta ce to madubi ne? Na ce a'a. Ta leƙa, ta gyara ɗankwalinta a ciki, ta ce madubi ne. Na ƙyale ta, don a lokacin gaskiyarta ce.

A Yamai na shiga babbar kar, wato bas. Dosso, Gaya, sai gada. A iyaka aka ce kowa ya sauke kayansa. Ɗan duwan, mai karɓar kuɗin fiton kaya, ya buɗe buhuna, ya ga bargo, ya buɗe bargo, ya ga inji.

"Na sayarwa ne?"

"Na asibiti ne."

"Kunna mu gani."

Aka kai ni buro, wato ofishinsu, na haɗa komai, na kunna. Fanka ta juya. Allo baƙi. Muka tsaya mu uku, ni da shi da abokin aikinsa, muna kallonsa.

"Ai ya lalace," in ji shi.

"Shi ya sa nake kai shi."

"Lome? Ba masu gyara a garinku?"

"Ni ne mai gyaran."

Ya dube ni, ya dubi abokinsa, ya ɗauki biro ya rubuta a takarda: tarkacen ƙarfe. Ya ce in wuce, ba a biyan komai a kan tarkace. Mutanen mota suka ce na yi sa'a. Ni kuwa har garin Kandi fushi nake, an kira kayana tarkace.

Ƙasar Benin kore ce, doya tuli-tuli bakin hanya, mata suna sayar da mai cikin kwalabe. A Paraku muka tsaya cin abinci. Ban san sunan komai ba, sai na nuna abin da na gaba da ni ya saya. Sakwara ce da miya ja da cukun Fulani soyayye. Cukun na yarda da shi. Miyar kuwa ta bi ni har Kwatano, sau biyu na sa aka tsayar da mota, direba yana zagina da yarensu, ni ina rama masa da Hausa, kowa ya huce.

Daga Kwatano zuwa Lome ƙaramar mota na shiga, wadda aka cika bayanta har murfin ya ƙi rufuwa. Buhuna ne a bakin. Direban ya nemi igiya bai samu ba. Na ga in muka faɗa rami ɗaya injin Inna Rabi zai tsaya a titi, sai na zaro kabul ɗin da ke haɗa inji da allo na ba shi ya ɗaure. Tsohon kabul ne, duk jikinsa ɗauri da baƙin salatif. A tashar Lome ƴan dako suka yi mana caa, na ƙwace buhuna, na rungume allona, motar ta juya ta tafi da kabul ɗin yana reto. Ban damu ba. Na ce kabul ai kabul ne.

Masaukina a Zango, gidan Alhaji Gado, mutumin Bankuku da ya shekara talatin yana kawo shanu Kurmi. Ya ba ni ɗaki da fanka, ya sa aka dama mini fura, Allah ya saka masa. Gero ne na gida, amma nonon da madarar gari aka yi shi. Garin nan ba zafi irin namu ba ne, jiƙa ce. Ka wanke riga da safe, da la'asar tana nan kamar yanzu ka matse ta. An kai ni in ga teku. Na gani. Ruwa ne mai yawa wanda ba a sha, ba a ban ruwa da shi.

Alhaji ya zaunar da ni ya ce, "To, nawa za su biya ka?"

"Ba a biya."

"Shi Baturen fa?"

"Ban sani ba."

"Kai, Ilu. Tun kakanninmu duk wanda yaz zo Kurmi kuɗɗi yaz zo nema. Kai kaɗai na ga ka ɗauko kaya tun daga Hilinge don ka yi wa mutane aikin banza. Mi ka same ka?"

Na ce masa shi ma rijiyar ƙauyensu ba biyansa ake ba in ya shiga yasa. Ya ce shi ya sa ya bar ƙauyen.

Taron a wani babban zaure aka yi shi. Da shigarka sai a rataya maka sunanka a wuya, kamar shanun da aka yi wa allura. Ba mai tambayarka kwanan gida. Mutum zai zo ya karanta wuyanka, ya tambaye ka a kan me kake aiki, in bai gamsu ba ya juya ya tafi ba sallama. Abinci a tsaye ake ci, faranti a hannu, ana magana da baki cike. Kofi ba sukari. Mai jawabi yana cikin magana sai a ɗaga masa kwali a nuna masa saura minti biyar, ko da furfura a kansa. Na ga wata yarinya da ba ta kai ɗiyata ba ta miƙe ta ce wa wani dattijo lissafinsa ba daidai ba ne. A Filinge da sai an je gidansu. Nan dattijon ya duba, ya ce gaskiyarta, aka tafa. Wannan kam ban ƙi shi ba.

Matiyas na zata wani ƙaton shef ne mai kwat. Sai ga wani dogo siriri da gajeren wando da silifa, sauro ya yi masa kaca-kaca a ƙafa. Madam Afi ta haɗa mu. Ya karanta wuyana, ya ce da gurgun Faransanci, "Kai ne mai hoton baƙi."

"Kai ne mai share kayan mutane," na ce.

Madam Afi ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce a nemo tebur.

Mutum kamar ashirin suka kewaye mu. Na kwance buhu, wasu suna ɗaukar hoto. Na ce ba ni da kabul. Matiyas ya zaro nasa daga jaka, sabo fil, mai kauri. Na haɗa. Na ja da baya, na ce, "Ku kalla da kyau. Wannan shi ne abin da kuka yi mana." Na danna.

Allon ya kawo haske. Tas. Rubutu ya fito, launi ya fito, har hoton jikan Inna Rabi da ta sa a fuskar allon ya fito yana dariya.

Na kashe, na kunna. Haka. Sau uku.

Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, wannan ya fi ciwo. Matiyas ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Yana aiki. Ba matsala. Amma har yanzu ba mai kula da shi, za a share." Mutane suka fara watsewa.

Na fita waje. Azahar ta yi, na samu famfo bayan zauren na yi alwala, na yi salla kan kwali. Ba zan ɓoye ba, a sujada ba Allah kaɗai nake tunani ba. Kwana uku a hanya. Injin da ya ƙi gani a Tabla, ƴan'uwansa suka ƙi a shagona, ya ƙi gaban ɗan duwan, yau ya buɗe ido gaban Bature. Me ya canza? Inji shi ne, allo shi ne. Kuran ce, wato wutar lantarki? A buron iyaka ma kuran mai kyau ce. Ina sallamewa na tuna motar nan tana tafiya da abu yana reto a bayanta.

Ga abin da yake. A ƙasarmu ɓera yana cin kabul, kai yana karyewa, kuma ba wanda zai je Yamai don kabul ɗaya. Ni nake yankawa in haɗa. A ciki akwai wayoyi masu ɗaukar launi da masu tsayar da hoto, su nake haɗawa. Akwai kuma wasu ƴan sirara kamar gashi, masu wuyar kamawa. Tun da na fara aiki nake yanke su in yar, don na ga ko babu su hoto yana fitowa. Duk kabul ɗin da ke Kurfai ya bi ta hannuna.

Na koma zauren. Matiyas yana tsaye yana shan kofinsa. Na zare kabul ɗinsa daga inji, na ɗora kan tebur, na fito da wuƙar aljihuna, na raba shi biyu.

Madam Afi ta ce da Faransanci, "Mushe Iliyasu!" Wani ya ja da baya har ya zubar da faranti. Matiyas ya yi ja har kunne, ya faɗi wata kalma da yarensu wadda ba sai an fassara ba.

"Zauna," na ce masa. "Ka ga yadda ake aiki a inda babu kanti."

Na fere, na murɗa wayoyin launi, na murɗa masu tsayar da hoto, na bar siraran a waje suna leƙe. Wata ta miƙo mini salatif. Na haɗa, na danna. Fanka ta juya. Allo baƙi ƙirin. Ban taɓa jin daɗin ganin duhu irin na ranar ba.

Matiyas ya ajiye kofi. Ya ɗauki kabul ɗin, ya kama siraran da yatsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna a ƙasa, kan siminti, ya buɗe tasa kwamfutar. Ya ce ta waɗannan wayoyi ne allo yake gaya wa inji sunansa da girmansa. Tsohon direban in ya tambaya aka yi shiru, sai ya yi kirdado ya aika hoto. Da aka yi masa kwaskwarima, sai aka sa in allo bai amsa ba, a ɗauka babu allo.

"Kai ka yanke wa allon harshe," ya ce.

"Na yanke. Shekara goma yana aiki ba harshe. Ku kuka zo kuka ce wanda bai yi magana ba babu shi."

Wani mai gilashi daga baya ya ce ai sai mu sayi sababbin kabul. Na ce masa ya zo kasuwar Filinge ranar Lahadi ya nuna mini rumfar. Masu arahar da ake kawowa ma na sha fasa su, rabinsu babu siraran a ciki tun daga masana'anta. Na ce kuma in ya samo, ya zo da wanda zai yi wa ɓerayen wa'azi.

Muka zauna ni da Matiyas a ƙasa har la'asar. Ya nuna mini wurin. Ba rushe komai ake bukata ba, layi bakwai ne. Ya ƙi rubutawa, ya ce ni zan rubuta. Na rubuta, ya ce ba kyau. Na sake, ya ce akwai saura. Sau huɗu. Na ce masa ko mushen nan, malamin da ya kore ni daga kwaleji, bai kai shi baƙin hali ba. Ya ce na gode. A karo na biyar allon ya kawo haske da yankakken kabul.

A nan ne na tambaye shi nawa ake biyansa. Ya ce ba a biyansa. Da rana yana aiki a kamfanin ruwa na garinsu, wannan bayan ya tashi yake yi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Direbobi masu yawa ne a kansa, kuma wanda ba shi da injinsa ba ya iya sanin ko ya karye. Shi ya sa yake sharewa. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba. Amma na ba shi man shafawar sauro da Alhaji ya ba ni.

Sai ya ce gyara daban, sharewa daban. Direban ba zai tsira ba sai wani ya sa sunansa a takardar masu kula. Wanda ya sa suna, duk lokacin da aka fito da sabon gwaji, kamar wata biyu-biyu, shi zai sauke, ya gwada a kan injin gaske, ya rubuto. Duk wanda ya kawo ƙara daga ko'ina a duniya, shi zai amsa. Ba albashi. In ya yi shiru sau biyu a jere, a share, ba sai an tambaye shi ba.

Na ce ba ni da diplom.

Ya ce takardar ba ta da wurin rubuta diplom. Suna ne da adireshin wasiƙa.

Madam Afi ta ja ni gefe ta ce in yi tunani, kaya ne mai nauyi, ga kuran ɗinmu, ga rezon salula. Na ce na san kuran ɗinmu fiye da ita. Na rubuta: Iliyasu Mahamadu. Matiyas ya karanta, ya danna, shi ke nan. Ba a tafa ba, ba a ba ni takarda mai hatimi ba. Masu cewa na dawo da lambar yabo ƙarya suke. Masu cewa an koro ni su ma ƙarya suke.

Komowa ba abin faɗa, sai dai a iyaka ban yarda an rubuta tarkace ba, na kunna musu suka gani. Inna Rabi na haɗa mata, hoton jikanta ya fito. Ta ce, "To, matsa," ta ja kujera. Sauran kwamfutocin na bi su ɗaya-ɗaya a kan babur cikin sati biyu.

Gwajin farko ya fito ana tsakiyar damina. Kwana biyu ina saukewa, yana yankewa. Na gama, na gwada, allo ya kawo. Na zo aikawa, rezo ya ɗauke a garin gaba ɗaya. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana huɗu. Masu zaman ƙofar shagona suka ce, "To shef, ga aikin Turawan ya zo." Rana ta biyar na sa salula cikin leda, na hau babur na bi hanyar Bankuku. Kori ya kawo ruwa, na tuɓe takalma na tura babur ruwa har gwiwa. Can kan wani tudu, kusa da gonar wani da ke noma yana kallona kamar mahaukaci, salula ta nuna sanda ɗaya. Na ɗaga ta sama, na aika layi ɗaya: an gwada a kan injin gaske, yana aiki.

Na tsaya nan hannu sama har amsar Matiyas ta zo. Kalma ɗaya ce, salula ta fassara mini: ya shiga.

Manomin ya jingina da hauyarsa ya ce, "Malam, lahiya?"

Na ce, "Lahiya lau. Wata biyu in ka gan ni nan, kada ka tambaya."